Ɗigon Fenti a Kan Noti Huɗu

Akwai wata yarinya 'yar aji shida da ba ta son a ce mata, "Ba za ki iya ba." Da ta ji haka sai ta ɗaure fuska ta ce, "Wa ya ce?"

Babanta likitan dabbobi ne. Yana da wata tsohuwar a-kori-kura fara. Da ita yake zuwa duba shanu da awaki a gonakin da ke bayan dutse. Hanyar babu kwalta. Duwatsu ne da ramuka, ga wani rafi a tsakiya. Idan ruwa ya sauka, cikin motar yakan daki ƙasa. A wata ɗaya sau biyu tana maƙalewa a taɓo.

Wata Juma'a da yamma sai ga Kawu ya iso. Kawu ƙanin Mama ne, kuma bakanike ne. Ya sauke kwalaye uku masu nauyi a tsakar gida. Ya mirgino tayoyi huɗu manya masu zane mai zurfi.

Yarinyar ta tsaya kusa da ɗaya. Tayar ta kai mata ƙugu.

"Kawu, waɗannan ai na tarakta ne."

"Na motar babanki ne, Injiniya," in ji Kawu. Haka yake kiran ta don tsokana. "Amma ba za su zauna ba sai mun ɗaga jikin motar. In ba haka ba, duk lokacin da ya karya kwana za su riƙa gogar ƙarfe."

Ya buɗe kwalayen. Akwai sababbin sifirin, ƙarafan da jikin mota ke zaune a kansu. Akwai dogayen shokazoba masu rage girgiza. Akwai wasu dunƙulen ƙarafa biyu masu kama da tubali, da tiyon birki da ya fi na da tsawo.

Mama ta leƙo daga kicin. "Nawa za ku ƙara mata tsawo?"

"Inci uku, Yaya."

"Inci uku, ga tayoyi kamar bakin rijiya. Ni da tsani zan riƙa hawa ke nan?"

"A'a. Likita ne zai riƙa ɗaga ki."

"Ka ji marar kunya," in ji Mama. Ta koma ciki tana dariya.

Washegari da safe aka fara aiki a ƙarƙashin rumfa. Kawu ya ɗaga motar da jek. Ya tokare ta da ƙarafa huɗu. Baba ya naɗe hannun riga yana taya shi.

Can sai Kawu ya zaro wata doguwar sifana daga akwati. Ta fi hannun yarinyar tsawo. Akwai lambobi a wajen mariƙinta.

"Wannan ba kamar sauran ba ce," in ji shi. "Tana da ma'auni. In noti ya kai ɗaurin da ake so, sai ta yi ƙara. Ƙas. Kafin ki ji ƙas, noti bai ɗauru ba."

"Ba ni in gwada."

"Hannunki bai kai ba."

"Wa ya ce?"

"Ni na ce. Ko ni sai na tokare ƙafa nake jan ta."

Yarinyar ta turo baki. Kawu ya sa hannu a aljihu ya ciro wani alƙalamin fenti mai launin rawaya.

"Ga naki aikin. Ni da babanki za mu riƙa karɓa-karɓa da sifana. Notin suna da yawa, za mu iya mantawa. Duk wanda ya yi ƙas, ki ɗiga masa fenti. Wanda ke da fenti ba mai sake taɓa shi."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Amma sai kin ji da kunnenki. Ba 'na ga kamar' ba. Ba 'an ce' ba."

"Ɗiga fenti," in ji ta. "Ko ɗan aji ɗaya ai zai iya."

Baba ya dube ta ta saman tabarau. "Uwata, karɓi aikinki."

Ta karɓa, amma ba da son ranta ba.

Ranar nan suka gama gaban motar. Ƙas, ta ɗiga. Ƙas, ta ɗiga. Sau uku tana miƙa hannu ga doguwar sifana. Sau uku Kawu yana janyewa.

Ranar Lahadi suka koma bayan motar. Kawu ya sa dunƙulen ƙarafan nan tsakanin sifirin da babban ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya. Kowane gefe yana da noti huɗu da suke matse su wuri ɗaya. Kawu ya ja su da ƙaramar sifana, ya bar su haka.

"Ba za ka sa mai ƙas ba?" in ji yarinyar.

"Sai mota ta sauka. Waɗannan ana ƙarasa su ne idan nauyinta yana kan tayoyinta."

Aka sa manyan tayoyi. Aka sauke jek a hankali. Motar ta tsaya ƙiƙam kamar raƙumi. Kawu ya kwanta a kan kwali ya shiga ƙarƙashi. Ya ɗaure noti huɗu na hagu. Yarinyar ta ji ƙas sau huɗu, ta ɗiga sau huɗu.

Sai wayar Baba ta yi ƙara. Wani manomi ne daga bayan dutse. Shanunsa sun daina cin abinci. Baba ya shiga ɗaki don ya rubuta abin da mutumin yake faɗa.

Bai jima ba, wayar Kawu ita ma ta yi ƙara. Motar wani ce ta mutu a bakin titi. Kawu ya fito daga ƙarƙashi yana goge hannu.

"Yanzu zan dawo. Ki ce wa babanki ya ƙarasa huɗun dama."

Ya hau babur ɗinsa ya fita.

Tsakar gida ta yi shiru. Ga doguwar sifana a kan kwali. Yarinyar ta dubi ƙofar ɗaki. Ta dubi sifanar.

"Hannuna bai kai ba," ta ce a ranta. "Bari mu gani."

Ta kwanta ta shiga ƙarƙashin motar. Ta ɗora sifanar a kan noti na farko. Ta ja da hannu biyu. Ta cije leɓe. Ta tokare ƙafa a jikin taya kamar yadda Kawu yake yi. Ta ja har idonta ya yi ja.

Notin bai motsa ba. Sifanar kuma ba ta yi ƙas ba.

Ta gwada na biyu, da na uku, da na huɗu. Duk haka.

"Tun da ba su motsa ba, ai sun ɗauru," in ji ta. "Sifanar ce ta gaji."

Ta cire murfin alƙalami. Ta ɗiga, ta ɗiga, ta ɗiga, ta ɗiga.

Da Baba ya fito, ya durƙusa ya leƙa. Ya ga rawaya a hagu, ya ga rawaya a dama.

"Ashe kawunki ya gama kafin ya fita."

Yarinyar ta bar shi da zatonsa.

Da Kawu ya dawo, shi ma ya leƙa. "Likita ya yi ƙoƙari," in ji shi. Ya mayar da sifana cikin akwati.

Shi ma yarinyar ta bar shi a haka. Daɗi ma take ji. Ta yi aikin manya, kuma ba wanda ya gane.

Da la'asar suka fita gwaji a wani fili mai tudu da kwari. Yarinyar ta zauna tsakanin Baba da Kawu. Daga sama take hango kan katangu. Motar ta hau dutse ta sauka, cikinta bai taɓa komai ba. Baba yana ta murmushi.

Sai suka faɗa wani rami. Wani abu ya yi ƙara a baya, ta gefen dama. Ƙwal.

Baba ya taka birki. Kawu ya sauka ya haska tocila a ƙarƙashi.

"Duk da fenti," in ji shi. "Wataƙila jek ne yake yawo a baya."

 Yarinyar ta kau da kai tana kallon taga.

Da suka zauna cin abinci, Mama ta ce wa Baba, "Gobe za ka bi gangaren dutsen nan da motar? Jiya-jiya aka kwance ta."

"Dole in je. Shanun mutumin nan ba za su jira ba," in ji Baba. "Kada ki damu. Kowane noti yana da hatimin uwata. Abin da ta sa wa fenti, ko ido rufe zan hau shi."

Yarinyar ta ajiye loma tana juya abinci a kwano.

"Ke, lafiya?" in ji Mama.

"Lafiya lau."

"To me ya sa kike wasa da abinci?"

"Na ƙoshi ne."

A ranta tana cewa, "Ai na ja da ƙarfina duka. Ban yi laifi ba." Ta faɗa sau da yawa. Amma ƙwal ɗin nan ya ƙi barin kunnenta.

Ranar Litinin da sassafe ta sa kayan makaranta. Kawu ya zo ɗaukar akwatinsa. Baba yana ɗora kular magunguna a bayan mota.

Yarinyar ta zagaya gefen dama ta tsuguna. Ga ɗigonta huɗu suna nan. Amma a jikin dunƙulen ƙarfen akwai wani wuri da ya goge yana ƙyalli, kamar an kankare shi da wuƙa. Ta zagaya hagu ta duba. Na hagu ba shi da komai.

Baba ya tayar da mota. Ya ce, "Uwata, buɗe mini get."

Ta tafi bakin get. Ta kama sakata. Amma ba ta zare ba. Ta juya ta jingina bayanta da ƙarfen.

Baba ya danna hon kaɗan. Ba ta motsa ba.

Ya leƙo ta taga. "Buɗe mana. Na makara."

"Ba za ka fita ba, Baba."

"Me kika ce?"

"Ba za ka fita da motar nan ba."

Mama ta fito da ludayi a hannu. "Ke, babanki kike gaya wa haka? Matsa daga nan."

"Ba zan matsa ba."

"Yau kuma sabon salo ne?"

Yarinyar ta ƙara riƙe sakatar. Baba ya kashe mota ya sauko. Ya zo ya tsaya a gabanta. Ba ta taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Ina sauraron ki," in ji shi.

Ta ɗaga kai. "Huɗun dama. Ba kai ka ɗaure su ba. Ba Kawu ba ne kuma. Ni ce."

"Ke?"

"Na ja su da ƙarfina duka. Ba su motsa ba." Ta dubi motar. "Amma sifanar ba ta yi ƙas ba."

 Kawu ya ajiye akwati ya buɗe. Ya ɗauki doguwar sifana ya shiga ƙarƙashin motar da kayansa masu tsabta.

Ya ɗora ta a kan noti na farko ya ja. Notin ya juya. Ya sake ja. Ya sake juyawa. Yarinyar tana tsugune tana kallo. Notin da ta rantse ya ɗauru, ga shi yana tafiya kamar an shafa masa mai.

Kawu ya fito a hankali. Bai yi tsokana ba.

"Likita, ƙarfen ya goce. Ƙusar da ke riƙe shi a tsakiya ta lanƙwashe. Saura kaɗan ta karye. Da ka taka birki a gangaren nan, tayar baya za ta zame daga wurinta."

Mama ta zauna a kan ɗaya daga cikin tsofaffin tayoyi. Ludayin ya faɗi ƙasa, ba ta ɗauka ba.

"Yau ba inda motar nan za ta," in ji Kawu. "Sai na nemo wata ƙusar."

Baba ya duba agogo. Ya sauke kular magunguna ya ɗaure ta a bayan babur ɗin Kawu. Hadari yana ta haɗuwa. Kafin ya fita ya dubi 'yarsa.

"Jeki makaranta. In na dawo za mu yi magana."

Ta isa aji an riga an fara darasi. Malama ta tsayar da ita a bakin ƙofa.

"Me ya tsare ki?"

"Laifi na yi a gida, Malama."

"Wane iri?"

"Na sa alama a kan aikin da ba a yi ba."

Malama ta ce, "An gyara?"

"Tukuna."

"To shiga ki zauna. In an tashi ki je ki gyara."

Da ta dawo gida, Kawu yana jiran ta a ƙarƙashin rumfa. Ya miƙo hannu.

"Alƙalamin."

Ta ba shi. Shi kuma ya ba ta tsumma da ƙaramar kwalbar kananzir.

"Ki goge fentin."

"Huɗun?"

"Duka. Gaba da baya. Noti arba'in da shida."

"Amma Kawu, huɗu ne kawai na ƙarya. Sauran duk na ji ƙas."

"Ta yaya zan sani?"

"Ai na gaya maka."

"Jiya ma fentin ya gaya mini. Na haska tocila na gan shi, na yarda. Yanzu in na ga rawaya, wanne ne na gaskiya, wanne ne ba shi ba? Launinsu ɗaya."

Ta dubi tsumman da ke hannunta. 

Mama tana shanya a gefe. Ta ce, "In ba za ki iya ba, ajiye ki shiga ɗaki. Kawunki zai yi."

Yarinyar ta juyo. "Wa ya ce ba zan iya ba?"

Ta canza kaya ta kwanta a kan kwali. Fentin ya bushe ya kama ƙarfe. Kowane ɗigo sai ta goge sau da yawa. Ƙura tana zubo mata a fuska. Wuyanta ya ƙage. Yatsunta suka yi zafi. A noti na ashirin ta yi kuka kaɗan, ba wanda ya gani. Ta share ido da bayan hannu ta ci gaba.

Gab da faɗuwar rana Baba ya dawo. Ruwa ya jiƙa shi jagab. Taɓo ya kai masa gwiwa. Babur bai iya ƙetare rafi ba, don haka da ƙafa ya ƙarasa, kula a kafaɗa. Yana ɗingishi.

Yarinyar ta fito daga ƙarƙashin mota, fuska duk baƙi. Ta ga ƙafarsa. Ta durƙusa.

"Baba, ka yi haƙuri."

"Shanun sun sami allura," in ji shi. "Za su tashi." Ya zauna a kan benci ya cire takalmi. "Uwata, jan sifanar da kika yi bai dame ni ba. Kin gwada, ba ki iya ba, wannan ba laifi ba ne. Fentin ne laifin. Da kin bar su ba alama, da na gani na ɗaure, cikin minti biyar an wuce wurin."

"Na sani."

"Me ya sa kika yi shiru jiya?"

"Ba na son Kawu ya ce hannuna bai kai ba."

Kawu ya sosa ƙeya. "Hannun dai bai kai ba," in ji shi. "Amma wanda ya riƙe sakatar nan da safe, ko ni ban isa in ɓamɓare shi ba."

Baba ya yi dariya duk da gajiyarsa. Ya dafa kanta. "Wannan taurin kan shi nake so. Ki riƙe shi don irin wannan rana."

Washegari da yamma Kawu ya zo da sabuwar ƙusa. Ya daidaita ƙarfen ya mayar da komai. Sa'an nan ya ciro alƙalamin rawaya ya miƙa mata.

"Daga farko za mu fara. Zo nan tukuna."

Ya ɗora hannayenta a kan mariƙin sifana, ya ɗora nasa a sama. Suka ja tare. Ta ji nauyin yana ƙaruwa, yana ƙaruwa. Sai ƙas. Ta ji shi a kunne, ta ji shi a tafin hannu.

"Ashe haka yake da nisa," in ji ta.

Suka bi notin ɗaya bayan ɗaya. Ƙas, ta ɗiga. Ƙas, ta ɗiga. Da suka zo na ƙarshe a gefen dama, wata babbar mota ta wuce a titi da ƙara. Kawu ya sauke sifana.

"Ya yi. Ɗiga."

Ba ta cire murfin ba. "Ban ji ba."

"Ya yi ƙas, na ce."

"Ban ji ba, Kawu."

"Injiniya, shekara ashirin ina wannan aiki."

"Ko shekara ɗari ne. Sake."

Kawu ya leƙo ya dubi Baba. Baba ya ɗaga kafaɗa. "Ni ma jiya ba ta bar ni na fita ba."

Kawu ya sake ɗora sifana ya ja. Ƙas.

"Yanzu na ji," in ji ta. Ta ɗiga.

Ranar Asabar duk gidan suka fita da motar. Aka ajiye wa Mama akwatin katako ta taka ta hau. Suka gangara dutse lafiya. Suka ƙetare rafi, ruwa bai kai cikin motar ba. Ba abin da ya yi ƙara a baya.

Tun daga ranar yarinyar ta riƙe darasinta. Ba ta sake cewa an yi abu ba alhali ba a yi ba. In ba ta iya ba, takan ce ba ta iya ba. In ba ta tabbata ba, takan ce a sake. Ta gane cewa mutane suna dogara da kalmarmu ko ƙarama ce, don haka kada mu sa alamar gaskiya sai a kan abin da muka tabbatar.